Takalmi Ƙafa Ɗaya a Kan Teburin Guga

Wan mijina mai guga ne. Ranar da na shigo gidan nan a matsayin matar ƙanensa, a tsaye na same shi bayan tebur, kuma har yau a tsaye yake, sai dai yanzu yakan ɗan dafa gwiwa idan zai juya. Ni Yaya nake ce masa. 'Ya'yana Baffa suke ce masa, daga bakinsu yaran layi suka ɗauka, har ya kai yau masu furfura ma Baffa suke kiransa.

Shagonsa yana ƙasan benen da muke haya. Ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗayar tana buɗewa cikin lungun da muke bi mu hau sama. Shagon ba shi da faɗi. Tebur ne da aka shimfiɗa wa bargo da farin zane, sai igiya daga bango zuwa bango, sai kwanon ruwan yayyafi, sai dutsen guga na lantarki da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta. Yaya ba ya taɓa dutse da yatsa don ya ji zafinsa kamar sauran masu guga. Kusa da kumatu yake kai shi, ya lumshe ido, ya ce, "Saura kaɗan." Riga kuwa daga wuya yake fara ta, sai hannuwa, sai baya, gaba ne ƙarshe, wai saboda gaba mutane ke fara gani. Ban taɓa ganin ya sauya ba.

Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a ɗakin wankin wani otal. A can ya tsinci ɗan abin da ya tsinta na harshen baƙi: gaisuwa, da godiya, da yadda ake cewa a ƙara sitati. Iyakarsa ke nan. Amma a layinmu wannan ya isa ya sa a riƙa cewa Baffa yana jin harshen waje, shi kuma bai taɓa musantawa ba.

Da ya sayi talabijin, marigayi mijina, wanda kafinta ne, ya kafa masa katako a sama kusa da rufi aka ɗora ta. A lokacin ita kaɗai ce a layin. Kuma a lokacin ne ake nuna wani shiri na ƙasar waje sau ɗaya a mako, bayan la'asar. Sunansa na gaskiya ba wanda ya iya faɗa a cikinmu. Mai Kwat muke ce masa.

Labarin wani mutum ne mai gyaran takalma, mai ɗan ɗingishi, ba yaro ba. Yana zaune a ƙaramin shagonsa, sai wani da aka zalunta, wanda ya kai ƙara aka yi ta ce masa ya dawo gobe, ya shigo ya ajiye takalmi ƙafa ɗaya a kan tebur. Ba biyu ba, ƙafa ɗaya. Alamar ke nan. Sai mai shago ya dubi takalmin, ya dubi mai shi, ya tashi ya ɗauko doguwar kwat mai ruwan toka daga jikin ƙusa. Da ya zura hannu a kwat ɗin nan sai kiɗa ya tashi, yara su fara dukan benci. Idan ya sami azzalumin, ba ya ihu. Kujera yake ja ya zauna a gabansa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya yi magana a hankali. Bayan nan kuma, Allah ya kiyaye, sai abin da hali ya yi.

To, maganar nan da yake yi a hankali ita ce ba mu ji. Yaya ne ke fassara mana, hannunsa yana kan dutsen guga, idonsa rabi a kan riga rabi a sama.

Akwai wani yaro, ɗan mai sayar da kwanuka, da ke zama a gaban kowa, wuyansa a miƙe kamar na zakara. Kafin Mai Kwat ya rufe baki ya riga ya juyo.

"Baffa, me ya ce?"

"Ya ce, ina wuni."

"Kai, Baffa! Da wannan fuskar?"

"To da wace fuska kake so ya gai da azzalumi? Juya ka yi kallo."

Ba a jima ba: "Baffa, me ya ce?"

Haka sunan ya bi shi. Me-ya-ce. Har uwarsa ta koma kiransa da shi.

A fassarar Yaya, tambaya uku Mai Kwat yake yi wa kowane mugu, ba ya tsallake ɗaya. Ta farko, "Ka ci abinci yau?" Ta biyu, "Mahaifiyarka tana lafiya?" Ta uku, "To idan ta ji abin da ka yi fa?" Yaran layi sun haddace su har suna rera su tare da shi. Kuma a fassarar Yaya, Mai Kwat bai taɓa fara kai hannu ba, bai kuma taɓa kashe kowa ba. Duk wanda ya faɗi, suma ya yi.

Mu mata a ƙofar lungu muke tsayawa, bayan labule. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma ina da ido. Na lura wanda ya suma ba ya sake fitowa a shirin. Wata rana ma an nuna wasu mata sanye da baƙaƙen kaya suna kuka a gaban wani dogon akwati. Me-ya-ce ya juyo da ido cike da ƙwalla, Yaya ya yayyafa ruwa a wando ya ce, "Kukan murna ne. Ya farfaɗo." Na ja labule na rufe bakina. Wani abin da na lura da shi kuma, Mai Kwat bai taɓa shanye shayinsa ba. Kullum ya zuba, ya kai baki, sai ƙofa ta buɗe a shigo da takalmi. Shekara da shekaru shayin bawan Allahn nan yana hucewa a kan tebur, abin yana damuna fiye da harbe-harben.

Na san hukunci ba na mutum ɗaya ba ne. Nakan yi istigfari bayan an gama, marigayi yana yi mini dariya, yana cewa, "Ki nema wa Mai Kwat gafara ma, tunda kin fi kowa zuwa da wuri." Amma ba wanda ke cikin shagon nan da bai taɓa tsayawa a gaban wata taga aka ce masa ya dawo gobe ba. Sai ga mutum ɗaya da ba ya cewa gobe. Ina ganin shi ya sa mai aski yake barin kan mutum rabi da kumfa ya tsallako, shi ya sa kuma duk lokacin da tasha ta sake maimaita shirin, shago yake sake cika kamar ba a taɓa gani ba. An yi ta kawo sababbi masu motoci da wuta da ƙara, suka zo suka wuce. Mai Kwat da ɗingishinsa yana nan.

Har al'ada ta fito daga ciki. Idan yara biyu suka yi faɗa, wanda aka ci zalinsa sai ya cire takalmi ƙafa ɗaya ya ɗora a gefen teburin Baffa. Shi kuma sai ya jingine dutse ya yi musu shari'a. Marigayi ma, idan ya ɓata mini rai ya rasa ta inda zai fara, sai in tarar da takalminsa ƙafa ɗaya a kan tabarmata. Da yaran suka girma abin ya mutu.

'Ya'ya biyu Allah ya bar mini. Auta tela ce, kekenta yana ƙarƙashin matakala, inda haske ke shigowa da safe. Hannunta yana da kyau, bakinta kuwa ya fi almakashinta kaifi. Babban kuma direban motar burodi ne. Tun yana ƙarami Baffa ya sa masa Garwashi, saboda iska kaɗan ke hura shi. Yaro ne mai tausayi, zai cire rigarsa ya ba ka, amma idan ransa ya ɓaci ba ya ganin gabansa. Ya taɓa yin faɗa a bakin aiki, maigidansa ya kira shi ya ce idan aka sake kawo ƙararsa, ko a ina ne, ya ajiye makullin mota ya tafi. Ga mata, ga ƙaramar 'ya. Tun daga ranar wannan ce addu'ata ta farko bayan kowace sallah: Allah ya riƙe hannun yaron nan.

Wata rana ya shigo shagon Baffa da waya a hannu yana dariya. Ina lungu ina shanya, ina jin su.

"Baffa, asirinka ya tonu. An juya Mai Kwat zuwa harshenmu, ga shi nan a waya. Ashe duk shekarun nan shirya mana kake yi!"

Ya kunna. Aka ji wata murya mai kauri tana cewa, "Yau kwananka ya ƙare."

"Ka ji? Ina 'ka ci abinci'? Ina 'mahaifiyarka'? Mutumin nan ba ya tambayar kowa komai, Baffa. Dukansu kawai yake yi. Kuma waɗanda kake cewa sun suma, wallahi har kabari aka kai su."

Yaya ya kai dutse kusa da kumatu, ya lumshe ido. Ya ce, "Wanda ya fassara wannan yaro ne. Sauri yake yi."

Aka yi dariya aka watse. Ni ban yi dariya ba. Na ga yadda idon ɗana yake ƙyalli da ya ce dukansu kawai yake yi.

Me-ya-ce kuwa ya girma ya yi tumbi, mai gidanmu ya ɗauke shi aikin kula da bene. Yana yawo da tarin makullai a ƙugu, ana jin zuwansa tun daga hawa na biyu. Ba ya son tsohon sunan nan, Mai Kula yake so a ce masa. Ya daɗe yana gaya wa Auta ta ɗauke kekenta daga ƙarƙashin matakala, tana ce masa gobe. Ran nan ya sake magana a gaban mutane, ta ɗago kai daga ɗinki ta dubi maƙwabciyarmu ta ce, "Wai me ya ce?" Matan lungu suka fashe da dariya. Ya juya ya tafi, makullai suna kaɗawa.

Washegari da safe Auta ta sauko ta ga wuri wayam. Ya ɗauke keken ya kulle a ɗakin ajiya na bayan gida, ya sa ƙaton kwaɗo, ya fita unguwa. Ga ɗinkin mutane a hannunta. Ta zauna a matakala tana kuka tana zagi, ba a san wanne ya fi yawa ba.

Da rana Garwashi ya dawo daga rabon burodi ya same ta haka. Bai tambayi kowa ba'asi ba. Ya koma mota ya zaro ƙarfen kwance taya.

Na tare shi a lungu. "Ina za ka?"

"Umma, ki matsa. Kwaɗon zan fara fasawa, in ya dawo shi ma ya samu nasa."

"Aikinka fa?"

"Aiki ya daɗe bai tafi ba. A taɓa ƙanwata ina raye?"

Na ce, "To ka bari a yi la'asar. Ba ka fita da ƙarfe da sallah a kanka."

Ya tsaya yana huci. "Bayan sallah ba mai riƙe ni, Umma."

Ya hau sama da ƙarfensa. Na san gaskiya ya faɗa. Kuma na san Me-ya-ce bayan la'asar yake dawowa.

Tsakanina da Yaya, tun da aka kawo ni gidan nan, gaisuwa ce kawai. Ina kwananku, ya aiki, Allah ya taimaka. Ko ranar rasuwar mijina ban iya haɗa ido da shi ba. Yanzu in tsaya a gabansa in ce ɗan ƙanenka zai fasa kan mutum, ka yi wani abu? Na gwada maganar a raina, ta ƙi fitowa. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, sai ƙafata ta taɓa akwatin da ke ƙasa. A ciki takalman marigayi suke, waɗanda yake zuwa aiki da su, na kasa bayarwa.

Na ɗauki na hagu, na goge shi da gefen mayafi, na sauka. Yaya yana guge wata farar riga. Na yi sallama, na ajiye takalmin a gefen tebur, na koma bakin ƙofa na tsaya ina kallon ƙasa.

Ya daɗe yana dubansa. Dunduniyar ta cinye ta waje, haka ƙanensa yake taka ƙasa tun yana yaro. Sai ya jingine dutse, ya kashe wuta. Ya ce, "Na ji."

Ban faɗi komai ba, amma shago mai ƙofa biyu ba abin da ke wuce shi.

A ƙarshen igiya akwai inda yake rataye kayan da masu su suka manta. Ya tura hannu can ciki ya zaro wata kwat. Ba mai ruwan toka ba ce, ruwan ƙasa ce, amma doguwa ce. Ya sake kunna dutse, ya shimfiɗa ta. Wuya, hannuwa, baya, gaba. Ya je ya yi sallah ya dawo ya saka ta. Yaya ɗan siriri ne, kwat ɗin kuwa ta mai jiki ce. Hannuwan suka haɗiye yatsunsa, ƙasanta yana share siminti. Ya tura takalmin a aljihu, rabinsa a waje.

Daidai nan aka ji makullai sun wuce ta titi zuwa bayan gida. Daidai nan kuma Garwashi ya sauko da gudu, ƙarfe a hannu. Ya yi turus a ƙofar lungu.

"Baffa, lafiya? Sanyi kake ji?"

"An kawo takalmi," in ji Yaya. "Ni zan je. Kai ɗauko mini kujerar nan, gwiwata ba ta son tsayuwa."

"Baffa, wannan ba wasan yara ba ne."

"Wa ya ce maka wasa ne? Ka taɓa ganin Mai Kwat ya yi magana a tsaye? Ko a cikin wayar taka? Ɗauko kujera, Garwashi, kada ka sa in maimaita."

Kujerar nan marigayi ne ya yi ta, da katako mai nauyi, irin wadda ba a yi don a riƙa yawo da ita ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaga ta. Ɗana ya gwada, ta ƙi. Ya maƙale ƙarfen a hammata ya kama ta da hannu biyu, ƙarfen ya zame ya faɗo masa a babban yatsa. Ya yi tsalle yana salati. Matan da suka leƙo daga matakala suka kwashe da dariya. Ya dubi ƙarfen, ya dubi baffansa da ya riga ya fita yana ɗingishi, ɗingishin gaske ba na shiri ba, sai ya rungumi kujera ya bi shi. Ni kuwa na sunkuya na ɗauke ƙarfen na tura shi bayan duron ruwa.

Kafin su zagaya bayan gida labari ya zaga layi. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, wanda yake yi wa aski yana biye da shi da tawul a wuya. Matar mai gyaran famfo ta sauko da goyo. Wani ya fara kiɗan shirin da baki, aka ce masa ya yi shiru. Na bi su daga baya, ina ta addu'a a zuci.

Me-ya-ce yana zaune a ƙofar ɗan ɗakinsa kusa da tankin ruwa, ya cire takalmi yana fifita. Da ya ga taron ya miƙe, hannunsa ya kai kan makullai. Idonsa a kan Garwashi yake, kuma na ga tsoro a ciki.

Yaya ya nuna ƙasa da yatsan da ba a gani saboda hannun kwat. Ɗana ya dire kujera. Da hannayensa suka zama wayam sai na ga sun fara dunƙulewa. Yaya bai ko waiwaya ba. Ya zaro takalmin daga aljihu ya miƙa masa ta baya.

"Riƙe mini wannan."

Yaron ya karɓa kafin ya duba. Sannan ya duba. Ya juya shi ya ga dunduniyar. Ya ɗago yana nemana a cikin mutane, na kau da kai. Daga nan da hannu biyu ya riƙe shi a ƙirji, kamar wanda aka ba jariri.

Yaya ya zauna. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya zuba wa Me-ya-ce ido. Wurin ya yi tsit, sai ɗigar ruwan tanki. Me-ya-ce ya dubi hula, ya dubi kujera, ya dubi kwat. Sai ya ƙara matsowa ya ƙura mata ido.

"Baffa... wannan ai kwat ɗina ce."

"Ka ci abinci yau?" in ji Yaya.

"Wallahi tawa ce! Wadda na kawo guga lokacin aurena. Ga maɓallin da ya tsage nan!"

"Da ka zo ka karɓa da ba ta zo ta same ka ba. Ka ci abinci yau?"

Mai aski ya toshe baki da tawul ɗin mutane. Me-ya-ce ya dubi taron, duk fuskokin da suka zauna benci ɗaya da shi ne. Kafaɗunsa suka sauka.

"Na ci, Baffa."

"Mahaifiyarka tana lafiya?"

"Tana lafiya." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ƙafa ce ke damunta."

"Allah ya sauwaƙe. Tawa ma haka."

Yaya ya buɗe baki zai yi ta uku, Me-ya-ce ya ɗaga hannu biyu. "Don Allah Baffa kada ka ƙarasa. Na san ta. Idan ta ji, da muciya za ta biyo ni har nan." Ya share gumi. "Amma a ji nawa. Mai gida ne ya kira ni ya wanke ni tas, ya ce idan ya zo ya sake ganin kaya a ƙarƙashin matakala ni zan bar aiki. Wai in wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, ta ina mutane za su bi? Na gaya wa Auta ya fi a ƙirga. Sai ta mayar da ni abin dariya a gaban mata. Ni ma fa ina da 'ya'ya, Baffa. A gabansu ake ce mini Me-ya-ce."

Yaya ya juya kai a hankali. "Auta."

Ta fito daga bayana tana murza gefen zane. "Na'am, Baffa."

"Ya gaya miki?"

"Ya faɗa."

"Kika ce masa me?"

Ta sunkuyar da kai. Can daga baya wata tsohuwa mai nauyin kunne ta taɓa ta kusa da ita ta tambaya da ƙarfi, tsakaninta da Allah, "Wai me ya ce?"

Wurin ya ɓarke. Mai aski ya durƙusa yana riƙe ciki. Me-ya-ce ya so ya ɗaure fuska, tumbinsa ya ci amanarsa ya fara rawa, makullai suna kaɗawa. Na dubi ɗana. Yana dariya, hawaye yana bin kumatunsa, takalmin ubansa yana ƙirjinsa.

Da aka lafa, Auta ta ce, "Ka yi haƙuri, Mai Kula." Ta faɗi sunan daidai, ba tare da murguɗa baki ba, abin da ban taɓa zaton zan gani ba.

Yaya ya mayar da hula. "Gaskiyarsa ce, matakala hanya ce. Buɗe ka fito da keken. A kai shagona, ƙarƙashin talabijin akwai wuri. Ta ɗinka in goge."

Me-ya-ce ya zaɓo makulli ya buɗe kwaɗo. Keken ɗinki mai ƙafa ba kayan mutum ɗaya ba ne. Ya kama gefe ɗaya ya tsaya yana duban Garwashi. Ɗana ya zo ya miƙo mini takalmin, ya je ya kama ɗaya gefen. Haka suka zagayo da shi, ɗaya yana tafiya da baya, suna faɗa wa juna, "Sannu, akwai dutse," "Ɗaga naka, kai, tumbin nan ba ya taimaka maka da komai." Kujerar kuwa mai aski da mutuminsa mai rabin aski ne suka dawo da ita.

A shago Yaya ya cire kwat ɗin, ya sake bi ta da dutse, ya ninke ya miƙa wa mai ita. Me-ya-ce ya gwada. Maɓallan suka tsaya nesa da ramukansu kamar maƙwabtan da ba sa ga maciji. Auta ta zagaya shi tana aunawa da ido ta ce za ta buɗe masa ita ta baya, amma sai ya rage cin abinci, tunda kullum aka tambaye shi ya ci.

Ba a kai ƙarar kowa ba. Washegari ɗana ya fita rabon burodinsa. Ƙarfen ya kwana biyu a bayan duro kafin ya tambaye ni, kansa a ƙasa, ko na ga wani abu na mota. Na ce ya duba inda ake ajiye abin da ba a buƙata.

Kwanan baya tasha ta sake dawo da Mai Kwat, wannan karon wanda aka juya zuwa harshenmu. Shago ya cika har titi. Da mai muryar nan ya fara cewa yau kwananka, sai Garwashi ya miƙe ya kashe sautin gaba ɗaya, ya koma ya ɗora 'yarsa a cinya. Aka bar hoto kawai, da ƙarar keken Auta, da hucin dutsen guga. Mai Kwat ya ja kujera ya zauna, ya cire hula, bakinsa ya motsa. Yarinyar ta juyo ta dubi kakanta.

Me-ya-ce, da ke tsaye a ƙofa cikin kwat ɗinsa da aka buɗe, ya riga ta. "Baffa, me ya ce?"

Ni ina bayan labule da kofin shayi da na haɗo wa Yaya. Na ba Auta ta miƙa masa. A sama cikin talabijin, na Mai Kwat yana kan tebur yana hucewa kamar kullum. Yaya ya jingine dutse, ya zauna a kujerar ƙanensa, ya bar su suna jira. Ya shanye nasa har ƙasa, ya miƙo kofin ta gefen labule ba tare da ya dube ni ba.

"In akwai saura, a ƙaro," in ji shi. Sannan ya juya wajen yara. "Ya ce, ina wuni."